Zan sauko daga Windows 11 zuwa 7: BIOS ɗin ma sai an mayar da shi baya?

Aminu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta. Laftof ɗina da Windows 11 ta zo, firosesarta Intel ce zubi na 11. Ina da wata tsohuwar na'urar yanka sitika da nake aiki da ita, direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, tun na zamanin Windows 7 ne, kuma waɗanda suka ƙera ta ba su sake fitar da wani ba. Na yi na yi Windows 11 ta karɓi direban nan, ta ƙi. Shi ne na yanke shawarar in goge komai in ɗora Windows 7.

Abin da ya tsayar da ni shi ne, kwanakin baya kwamfutar ta sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da ita kafin Windows, da kanta. Tana gama ɗauko sabuntawa sai ta mutu ta tashi, allo ya yi baƙi da ɗan layi yana tafiya, an rubuta kada a kashe, fanka kuma tana ta gudu. Yanzu wani ya ce mini tunda BIOS ɗin ya zama na Windows 11, dole sai an mayar da shi tsohon kafin 7 ta zauna. Wani kuma ya ce kada in damu, fomatin, wato goge faifan ajiya, zai share shi ya koma yadda yake da. Wanne zan ɗauka?

Ɗanlami Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Na farkon ya fi kusa da gaskiya. Mu a wurin aiki idan tsohuwar Windows ta ƙi zama, mukan nemo tsohon BIOS a shafin kamfanin mu ɗora, wani lokaci sai ka ga ta wuce. Duba lambar wanda kake da shi yanzu, ka sauko da wanda ya girme shi da biyu ko uku.

Injiniya Bashir:
Malam Aminu, don Allah dakata, kada ka taɓa BIOS ɗin nan tukuna. Duka biyun da suka ba ka shawara ba su faɗi daidai ba. Malam Ɗanlami kuma, ka yi haƙuri, a wannan ban yarda da kai ba.

Mu fara da mai maganar fomatin. BIOS ba a kan faifan ajiya yake zaune ba. Yana cikin wani ɗan ƙaramin cif ne da aka liƙa a jikin madabod, babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai. Ko ka cire faifan gaba ɗaya ka sa sabo fil, BIOS yana nan yadda ka bar shi, da lambarsa da saitinsa. Fomatin ba ya ko zuwa kusa da shi. Abin da ka gani rannan, Windows ce ta ɗauko fayil ɗin da kamfanin laftof ɗin ya aika, ta miƙa wa BIOS, shi kuma ya rubuta shi a cif lokacin da kwamfutar ta sake tashi. Aikin Windows a nan ɗan aike ne kawai.

Sai mai cewa ya zama na Windows 11. Babu wani BIOS na Windows 11 ko na Windows 7. BIOS na na'urar ne. Aikinsa ya tayar da firosesa da RAM da allo da kibod, ya nemo abin da zai tayar da babbar manhaja, ya miƙa mata ragama. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, shin irin BIOS ɗin da laftof ɗinka ke da shi ya san hanyar tayar da Windows 7 tun asali? In bai taɓa sani ba, komawa baya da lamba biyu ko goma ba zai koya masa ba.

Yi mana abu ɗaya. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka danna Enter. Ka faɗa mana abin da ke gaban BIOS Mode da Secure Boot State. Sannan ka shiga saitin BIOS lokacin da take tashi, galibi F2 ne ko F10 ko Del, ka leƙa ɓangaren Boot ko akwai wani abu mai suna Legacy ko CSM. Leƙawa kawai, kada ka canza komai.

Malama Hadiza:
Kafin ya shiga BIOS ɗin ma, Injiniya, ya fara ajiye mabuɗin BitLocker, tsarin Windows da ke kulle faifai. Wannan ne abin da na fi jin tsoro a duk irin wannan magana, domin mutane da yawa ba su ma san faifansu a kulle yake ba. Laftof da yawa na yanzu, da zarar ka shiga da asusun Microsoft ranar farko, sai su rufe faifan a ɓoye ba tare da ka lura ba. Makullin yana ɗaure da cif ɗin tsaro mai suna TPM, shi kuma TPM yana lura da yadda kwamfutar ta tashi. Idan ya ga an kashe Secure Boot, wato tsaron da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da kwamfuta, ko an canza BIOS, sai ya ƙi sakin makullin. Abin da za ka gani shi ne shuɗin allo yana neman lambobi 48. In ba ka da su, hotunanka da takardunka sun tafi, babu mai gyaran da zai iya fasa shi.

Aminu, shiga asusunka na Microsoft ta wayarka, ka nemo wurin da ake ajiye mabuɗan BitLocker, ka kwafe lambobin a takarda. Sannan ka kwashe fayilolinka zuwa wani faifai na waje. Kuma duk abin da za ka yi, kada ka danna Clear TPM.

Aminu:
Na gode ƙwarai Malama. Wallahi ban san da wannan ba, na duba kuma na ga mabuɗin, na rubuta shi. Injiniya, BIOS Mode an rubuta UEFI, Secure Boot State an rubuta On. Na shiga saitin na zagaya ko'ina, babu Legacy babu CSM. Akwai dai wurin kunna Secure Boot da kashe shi.

Injiniya Bashir:
To amsarka ta fito. Windows 7 ba za ta zauna a wannan laftof ɗin yadda kake so ba, kuma ba sabuntawar rannan ce ta jawo ba.

Abin da muke ta kira BIOS a kwamfutocin yanzu, ainihin sunansa UEFI. Tsohon BIOS na asali an daɗe da barinsa. Shekaru da yawa kamfanoni suna saka wani ɓangare a cikin UEFI mai suna CSM, wanda ke kwaikwayon tsohon BIOS don tsofaffin manhajoji su samu abin da suka saba da shi. A 2017 Intel ta sanar cewa za ta daina tallafa wa wannan ɓangaren zuwa 2020. Laftof ɗinka bayan nan aka yi ta. Windows 7 kuwa 2009 ta fito. Ko mai 64-bit ɗinta, wadda ta iya tashi ta UEFI, tana buƙatar tsohuwar hanyar magana da allo lokacin da take tashi, kuma CSM ne ke samar da ita. In babu shi, sai ta tsaya cak a wurin da aka rubuta Starting Windows. Ba ta san Secure Boot ba ma sam, domin da Windows 8 ya shigo a 2012.

Ko ka samu dabarar tsallake wannan, akwai wasu a gaba. Filash ɗin Windows 7 ba shi da direban USB 3.0, kuma tun daga zubi na 6 Intel ta cire tsohon mai sarrafa USB ɗin da 7 ta sani. Ma'ana filash ɗin da ka tashi da shi ma ba za ta gan shi ba bayan ta fara. Faifanka kusan tabbas sabon nau'in nan ne mai suna NVMe, shi ma 7 ba ta san shi ba sai an cusa mata wani gyara da Microsoft ta fitar daga baya. Zubi na 6 ne na ƙarshe da Microsoft ta tallafa wa a kan Windows 7. Kai naka na 11 ne.

Ɗanlami Mai Gyara:
Injiniya duk na ji, amma ai akwai Windows 7 da aka gyara, an zuba mata direbobin USB da NVMe duka a ciki. Mun sha ɗora ta a sababbin na'urori ta tashi. Ba komai ne sai abin da Microsoft ta ce ba.

Malama Hadiza:
Ta tashi ɗin, sai me ya biyo baya? Tashi ba shi ne aiki ba, Malam Ɗanlami. Direban hoto na wannan firosesar babu shi na 7, allon zai zauna a kan na wucin gadi, ba za ka iya ko rage haske ba. Katin Wi-Fi 6 na Intel ba shi da direban 7. Wurin shafa yatsa don motsa kibiya, wato touchpad, a yawancin sababbin laftof ta wata hanya yake haɗe da madabod wadda sai daga Windows 8 aka san ta. Ga kuma barci. Sababbin laftof da yawa sun daina tsohon barcin nan na S3, sun koma wanda ake kira Modern Standby, kuma BIOS ne ke gaya wa Windows irin wanda na'urar ta iya. Windows 7 ba ta san sabon ba. Zai rufe murfi ya sa a jaka, ya ciro ta da zafi batir ya ƙare.

Sannan wa ya gyara Windows ɗin? Me ya zuba a ciki ban da direbobi? Mutum ne da ba ka sani ba ka miƙa wa duk kalmomin sirrinka. Tallafin 7 ya ƙare tun 14 ga Janairu 2020. Chrome ma a lamba 109 ya tsaya mata.

Ɗanlami Mai Gyara:
Maganar direbobi na yarda, gaskiya ne ana fama. Amma batun BIOS ɗin ban janye ba. Na ga na'urar da a tsohon BIOS akwai wani zaɓi, aka sabunta ya ɓace. Ba labari aka ba ni ba. To in ba komawa baya ba, ya za ka dawo da shi?

Injiniya Bashir:
Wannan kam yana faruwa, ba zan musa ba. Misalin da aka fi sani shi ne bayan an gano ɓarakar da ake kira Plundervolt a ƙarshen 2019, laftof da yawa sun samu sabon BIOS da ya toshe damar rage wa firosesa wuta, mutanen da ke amfani da wannan don rage zafi suka wayi gari babu. Don haka akwai lokacin da komawa baya ke da dalili. Sharaɗin shi ne ka san takamaiman abin da ya ɓace, ka karanta bayanin da kamfanin ya rubuta a ƙarƙashin kowace lamba, ka ga a wacce aka cire shi. Abin da na ƙi shi ne a ce wa mutum sauko da biyu ko uku ka gwada sa'a. A na'urar Aminu CSM bai taɓa zama ba, babu abin da zai je ya tarar a baya.

Kuma komawa bayan ba abu ɗaya ba ne kamar yadda ake zato. Fayil ɗin da muke kira BIOS sau da yawa ƙunshi ne. A ciki akwai UEFI ɗin kansa. Akwai manhajar EC, ɗan cif ɗin da ke kula da fanka da cajin batir da kibod da maɓallin kunnawa. Akwai ta Intel ME, wani ɗan sashen kula da na'ura na Intel. Akwai kuma gyaran da ake yi wa firosesa kanta, irin wanda aka yi ta rabawa bayan ɓarakar Spectre da Meltdown a farkon 2018. Wasu daga cikin waɗannan, musamman ME, in an ɗaga lambar tsaronsu ba sa yarda su koma ƙasa. Sai ka ƙare da tsohon UEFI a kan sabon ME ko sabon EC, haɗin da mai yiwuwa ba a taɓa gwada shi ba. Daga nan ne ake samun fanka mai gudu ba tsayawa, ko batir ya ƙi caji, ko ta riƙa daɗewa kafin allo ya kawo.

Shi ya sa kamfanonin da kansu suka sa shinge. A Lenovo akwai Secure RollBack Prevention, a Dell akwai Allow BIOS Downgrade, wasu kuma kai tsaye suke rubutawa cewa daga wannan lamba ba a komawa. In manhajar kamfanin ta ƙi, ƙin nan kariya ce. Matsalar tana farawa ne idan aka nemo wata manhaja a tilasta mata.

Nura:
A nan zan sa baki, domin irin waɗannan ne ake kawo mini bayan an tilasta. Kana danna maɓalli fitila ta kawo, fanka ta juya, allo baƙi ƙirin, shi ke nan. Sai an kwance na'urar, a nemo cif ɗin mai ƙafa takwas a madabod, a maƙala masa ɗan matsi ko a ɗaga shi da iska mai zafi, a sa a na'urar rubutu irin CH341A. Wasu cif ɗin volt 1.8 ne wutarsu, in ka ba su 3.3 kai tsaye ka ƙarasa su. Kuma ko an yi nasara, in ba a fara kwafe abin da ke ciki ba, aka ɗora fayil ɗin wata na'urar, lambar siriyal ta tafi, mabuɗin Windows na asali ya tafi. Mutum ya fito neman direba ɗaya ya koma da madabod a hannu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wanda duk zai taɓa BIOS, ko gaba ko baya, caja a jiki, batir a cike, BitLocker a dakatar, fayil daga shafin kamfanin kuma na ainihin samfurin na'urarsa. Harafi ɗaya a lambar samfur yana iya zama wani madabod daban.

Aminu:
Na fasa taɓa shi gaskiya. To Windows 10 fa? Na ji an ce tana karɓar tsofaffin direbobi fiye da 11. Ita ma akwai matsalar BIOS?

Injiniya Bashir:
Windows 10 za ta zauna lafiya, da Secure Boot a kunne da komai, ba sai ka canza BIOS ba. Lasisi ma ba matsala. Tun daga Windows 8 kamfanoni suke rubuta mabuɗin a cikin BIOS maimakon sitikar da ake liƙawa a ƙasan laftof. Lokacin ɗorawa Windows za ta karanta shi da kanta. In Home ce ta zo da ita, Home za ka samu, in Pro ce Pro.

Maɓallin komawa baya na cikin Settings ba zai yi maka aiki ba. Wannan na wanda ya hau 11 daga 10 ne, kuma kwana 10 kawai yake da shi. Kai sai ɗorawa daga filash, wadda za ta share komai.

Wurin da za ka iya cin karo shi ne inda ake zaɓen faifai. A laftof na Intel zubi na 11 zuwa sama, sau da yawa za ka tarar da wurin fayau, babu faifai ko ɗaya. Mutane kan tsorata su ɗauka faifan ya mutu. Lafiyarsa ƙalau, wani tsarin sarrafa faifai ne na Intel mai suna VMD a kunne a BIOS, filash ɗin kuma ba shi da direbansa. Hanya mafi tsafta ita ce ka sauko da direban Intel RST daga shafin kamfanin laftof ɗinka tun kafin ka fara, ka warware shi a cikin filash ɗin, in ka iso wurin ka danna Load driver. Wasu na'urorin suna barin a kashe VMD ɗin a BIOS, shi ma yana yi, amma ka sani daga lokacin da ka kashe shi Windows 11 ɗin da ke kai ba za ta ƙara tashi ba sai ka mayar. In da manhajar Rufus za ka haɗa filash, GPT za ka zaɓa, ba MBR ba. Ka ajiye direban Wi-Fi ma a ciki.

Malama Hadiza:
A ƙara masa da cewa ita ma 10 ɗin tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Microsoft ta fito da shirin ESU na ba masu amfanin gida ƙarin gyaran tsaro, a 2025 ta sanar da wa'adinsa zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ba wurin zama na dindindin ba ne.

Usman:
Akwai wani abu da ba a ambata ba, kuma shi ne ainihin inda BIOS ke riƙe abin da sabuwar Windows ta bari. A cikin UEFI akwai jerin sa hannun da aka yarda da su, akwai kuma jerin waɗanda aka soke, ana ce masa DBX. Windows tana iya ƙara abu a wannan jerin ta hanyar sabuntawa. Bayan ɓullar muguwar manhajar BlackLotus mai tsallake Secure Boot, a 2023 Microsoft ta fito da matakan soke tsofaffin fayilolin da ke tayar da Windows, kuma ta faɗa ƙarara cewa in an riga an aiwatar da su a na'ura, ko an yi wa faifai fomatin ba sa fita. Sakamakon shi ne tsohon filash ɗin Windows 10 da ka ajiye shekaru yana iya ƙin tashi a na'urar da aka yi wa wannan, ya nuna maka saƙon Secure Boot. Mu masu Linux mun ɗanɗana makamancin haka a Agustan 2024, lokacin da wata sabuntawar Windows ta hana Linux tashi a wasu kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojin biyu.

Don haka Aminu, in za ka yi 10, sabon fayil za ka sauko da shi daga Microsoft, kada ka ari tsohon filash. In ya ƙi tashi duk da haka, dawo ka faɗa mana saƙon da ya nuna kafin ka fara danna Restore factory keys ko Clear keys.

Injiniya Bashir:
Madalla Usman, wannan muhimmi ne. Kuma yana da nasaba da dalilin da ya sa ba na son mutane su toshe sabuntawar BIOS baki ɗaya. Takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ta fitar a 2011 wa'adinsu yana fara ƙarewa daga Yunin 2026, ana maye su da na 2023, kuma ta sabuntawar Windows da ta BIOS suke isa na'ura. Wanda ya koma tsohuwar manhajar da ba a sabuntawa, ya kuma daskarar da BIOS, ya yanke kansa daga duka hanyoyin biyu.

Ɗanlami Mai Gyara:
To ya ɗora 10 mai 32-bit mana. Yawancin tsofaffin na'urorin nan direbansu na 32 ne.

Injiniya Bashir:
Tunanin yana da kyau, domin 11 ba ta da 32-bit sam, 10 kuma tana da ita. Sai dai a nan ma BIOS ɗin ne zai hana. In babu CSM, Windows sai ta dace da UEFI ɗin da ke ƙasanta. UEFI mai 64 ba ya tayar da Windows mai 32. Filash ɗin ba zai ma bayyana a jerin abubuwan da za a tashi da su ba.

Malam Aminu, in direbanka na 32 ne kaɗai, 10 mai 64 ma ba za ta karɓe shi ba, ka yi fomatin a banza. Ka duba wannan kafin komai.

Nura:
Ni ina ganin mun yi nisa da na'urar yankan. Aminu, da wace irin waya take haɗuwa da laftof? Da yawa daga cikin irinsu a ciki tsohuwar hanyar siriyal suke amfani da ita, akwai ɗan cif da ke juya USB zuwa siriyal. In haka ne, direban da kake nema ba na kamfanin na'urar ba ne, na kamfanin cif ɗin ne, kuma yana iya yiwuwa sun fitar da sabo. Jona ta, ka buɗe Device Manager, ka danna dama a kan abin da ke da alamar rawaya, Properties, Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga VID da PID da lambobi huɗu huɗu. Su ne za su nuna wanda ya ƙera cif ɗin.

Sannan ka leƙa Windows Security, Device security, Core isolation. In Memory integrity a kunne yake, yana toshe tsofaffin direbobi, kuma yakan nuna sunan wanda ya toshe.

Malama Hadiza:
In duk wannan bai yi ba, ga hanyar da ba ta taɓa faifai ba ta taɓa BIOS in ban da saiti ɗaya. Ka sa VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora Windows 7 a cikinsa, mai 32 ɗin ma in ita ake buƙata, ka miƙa mata na'urar ta USB. A can ciki Windows 7 tsohuwar kwamfutar da ta saba da ita take gani, da tsohon BIOS na kwaikwayo, ba ruwanta da abin da ke madabod ɗinka. Saitin da ake buƙata shi ne Intel Virtualization Technology, wato VT-x, kuma a yawancin na'urorin Windows 11 a kunne yake zuwa. Ka cire mata intanet, aikinta yanka kawai. Lasisin 7 ɗin dai sai ka tanadi naka, wanda ke cikin BIOS ba zai buɗe ta ba.

Aminu:
Na duba. Da na jona ta, a ƙarƙashin Ports ta fito da alamar rawaya, ashe siriyal ce kamar yadda Malam Nura ya ce. Na bi lambobin na gano mai cif ɗin, amma sabon direbansu bai haɗa da wannan tsohon samfurin ba. Na sa VirtualBox kamar yadda Malama ta ce. Windows 7 ta tashi a ciki, ta ga na'urar, direban ya shiga, na yanka ɗan gwaji ya fita daidai. Abu ɗaya ne, in na zare wayar na mayar sai na sake zaɓenta a menu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Nura:
Amin. Shiga saitin USB na Windows 7 ɗin a VirtualBox ka ƙara na'urar a jerin filta, za ta riƙa kama ta da kanta duk lokacin da ka jona.

Ɗanlami Mai Gyara:
Madalla. Amma ka gwada babban aiki mai tsawo kafin ka saki jiki, wani lokaci USB ta cikin VirtualBox takan yanke a tsakiya. In ta riƙa yi maka haka, tsohuwar laftof ta zamanin 7 da ba ta hawa intanet ta fi kwanciyar hankali ga irin wannan na'urar.

Zainab:
Sannunku da ƙoƙari. Yaya Bashir, in ɗan shigo da tawa tunda ana kan maganar. MacBook gare ni, na hau sabon macOS wata manhajar aikina ta daina buɗewa. Shi ma haka abin yake? Ƙanena ya ce in na koma tsohon, famweyar ma, wato makamancin BIOS a Mac, sai ta koma.

Injiniya Bashir:
Zainab, kusan haka ne. A Mac famweyar tana sabuntuwa ne tare da macOS, ba a saukar da ita daban. A masu firosesar Intel, in kin koma tsohon macOS sabuwar famweyar tana nan, kuma tsohon yana tashi a kanta ba matsala. Iyakar ita ce ba za ki iya sauka ƙasa da macOS ɗin da samfurin ya fito da shi ba, domin wanda ya girme shi bai san kayan cikin ba. In mai Intel ce, ki riƙe Shift da Option da Command da R lokacin kunnawa, za ta ba ki wanda ta zo da shi ko mafi kusa da shi da ake samu. In mai M1 ce zuwa sama wannan haɗin maɓallan ba ya aiki, kina iya amfani da filash mai ɗauke da macOS ɗin da kike so, kuma sai an share faifan. Ki fara kwafe fayilolinki daban a faifan waje, kada ki dogara da Time Machine, manhajar ajiyar Mac, kaɗai, domin ajiyar da sabon macOS ya yi ba lallai tsohon ya iya dawo da ita gaba ɗaya ba. Ki tabbatar kuma kina tuna kalmar sirrin asusunki na Apple, za a iya neman ta bayan sharewar. Wace shekara ce MacBook ɗin, kuma wane macOS kike son komawa?